Gyaɗar da Ta Ci Sunan Ƙanena

Akwai maganganu biyu da kuka tashi kuna ji a gidan nan, kuma duka biyun ba haka suke ba. Ta farko, wai ubanku ne ya fara koya wa malaman gona na ƙasar Ƙaraye da Rogo su zauna su duba duk abin da shawararsu za ta taɓa kafin su ba manomi ita, har ake ce mini Mai Da'ira. Ta biyu, wai baffanku Sale ya taɓa kawo wata gyaɗa da ta durƙusar da ƙauye guda, kunya ta kore shi daga gida. Na sha jin ku kuna maimaita su a tsakar gida, ni kuwa ina zaure ina shan furata, ban taɓa cewa uffan ba. Yanzu ido ya fara ja da baya, hannu ne kawai bai gaji da biro ba, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina iyawa. Ba zan bi da ku ta makarantun da na yi ba. Shekara guda ce tak ta haifi komai, sauran duk wutsiyarta ce.

Ni ne ɗan fari a wurin Baba. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, tunda ni da bakina nake kiran babbanku da sunansa. Mutanen da can suna kunyar ɗan fari. Har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin kalmar Habu ta fito daga bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce, ina wannan? In na yi abin kirki sai ya kau da kai ya shiga yi wa akuya faɗa. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin bai taɓa ƙosar da ni ba. Sale kuwa auta ne, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu, sunansa a bakin Baba kamar goro, daga safe har yamma. Abin bai tsaya nan ba, uwa biyu gare shi. Tun da aka yaye shi Gwaggo Hansai, ƙanwar Baba, ta ɗauke shi riƙo ta tafi da shi ƙauyen mijinta, kudu da Rogo. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta juye masa son da za ta raba wa 'ya'ya goma. Salele take ce masa, har bayan ya yi gemu. Ni na yi ta faɗi-tashi aka sa shi makaranta, ni na kai shi Zariya a kan babur ɗina da akwatinsa ɗaure a baya. Ina faɗar wannan ne don kada ku ɗauka ƙinsa nake yi. Ƙyashinsa nake ji, tun yana rarrafe.

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki da wani shirin bunƙasa noma, ba sai na faɗi sunansa ba, ya daɗe da rushewa. Lokacin ba a yanke wa Rogo tata ƙaramar hukuma ba, duk ƙasar a hannuna take, ni ne babban malamin gona. Gyaɗa ta daɗe da ja da baya tun bayan cutar da ta cinye ta, kowa yana neman hanyar dawo da ita. Sai aka ba ni wani sabon iri in gwada, mai tsayuwa ba mai yaɗo ba, ga saurin nuna. Na gwada shi damina biyu a Yammedi, a gonakin jigawa, ya yi kyau har ba a magana. To a ƙasar nan iri ba ya zama da lambar da aka rubuta a jikin buhu, wa zai riƙe ta? Wanda ya kawo shi, sunansa yake ci. Ran wata kasuwa ina tura babur ta layin 'yan hatsi, sai na ji wata tsohuwa tana cewa a auna mata mudu biyu na 'yar Habu. Wallahi tsayawa na yi cak, har mai jaki ya kusa bi ta kaina. Mutumin da ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, yau ga sunan ana aunawa a mudu. Daga ranar na ƙudura sai gyaɗar nan ta cika ƙasar, daga Ƙaraye har iyakar Rogo.

A shekarar ne Sale ya gama karatu, aka ɗauke shi aikin wucin gadi a ƙarƙashina, ya zagaya ƙauyuka ya tattaro bayani kafin a raba iri. Ni na nema masa aikin. Na zaci zai cika takardun tambayoyi ya kawo mini kamar kowa. Ina! Wata biyu ya yi a ƙauyukan Rogo yana bi gida-gida, kuma da yake ɗan Gwaggo ne ba inda ake hana shi shiga. Ba masu gida kaɗai yake tambaya ba, har mata, har masu jakai, har tsofaffi masu tuyar ƙuli-ƙuli. Tambayarsa ɗaya ce yake ta juya ta: in an gama da wannan wa yake ci, daga nan kuma sai ina? Ya ce wani malaminsu ne ya koya musu, wai akwai ilimi sukutum na duban abu tare da duk abin da yake rataye da shi, kuma wai bai kamata hukuma ta yanke shawara a kan abu ɗaya ba sai ta bi igiyar ta ga inda ta ƙulle. Na yi dariya na ce ashe a Zariya har hira da tsofaffi digiri ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gida, ni da shi da Baba, sai ya gyara zama ya dube ni.

"Yaya, 'yar taka wata nawa take yi ta nuna?"

"Uku," na ce. "Ta gargajiya kuwa sai ta haura huɗu tana jan ƙafa."

"To in aka shuka ta da ruwan fari a Rogo, wata uku ya kai mu ina?"

Na san inda ya kai mu, tsakiyar marka, lokacin da sama take yini tana zuba. Amma sai na ce, "A Yammedi ma haka aka shuka, me ya faru?"

"Yammedi jigawa ce, Yaya. Kuma daminar nan biyu da ka gwada, ruwa da wuri ya ɗauke. Ƙasar Rogo riƙe ruwa take, daminarsu ma ta fi tamu daɗewa. Bari ka gani."

Ya jawo guntun kara ya share ƙasa da tafin hannunsa. Ya zana da'ira ya ce wannan gyaɗa ce. Ya ja layi zuwa wata ya ce wannan harawa ce, ganyen gyaɗar da ake busarwa a ɗora a kan rufi. Ya ce mu a ofis ƙwaya muke aunawa, amma a gidajen Rogo harawa rabin gyaɗa ce, kuma harawa ba ta bushewa a cikin marka, ruɓewa take. Daga harawa ya ja layi zuwa tumakin mata, don a shekarun nan Babbar Salla cikin damina take faɗowa, sai rago ya ci rani guda cur a ɗaure yana cin harawa kafin ranarsa ta zo. Daga tumaki ya ja zuwa takin da ake sharewa a turke, daga taki zuwa jakin da yake kai shi gona da bazara, daga jaki zuwa dawa, daga dawa zuwa rumbu. Sannan ya dawo da layin ya haɗe shi da gyaɗa, ya ce ga shi, zagaye yake, duk inda ka yanke sai ka ji shi a ɗaya gefen. Ya ƙara da cewa ya ji muna shirin ɗaure takin zamani da sabon iri, wato ba a ba mutum taki sai ya karɓi gyaɗar. Ya ce a wannan lokaci da taki ya yi wuya, in muka yi haka ba wanda zai gwada kaɗan, kowa gonarsa zai juye, har irin da ya gada zai cinye ko ya sayar. Shawararsa ita ce a ba kowa ɗan kaɗan ya gwada a kusurwar gona damina biyu ko uku, a jinkirta shuka a Rogo, a raba taki daban, kuma a tambayi mata kafin a yanke komai.

Tun kafin ya ajiye karan na san gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha biyar ina aikin nan, duk abin da ya zana na sani ɗaya bayan ɗaya, ban dai taɓa haɗa su ba. Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na ce masa madalla. Amma Baba yana wurin. Tsohon nan ya sunkuya yana bin layukan da yatsa, yana gyaɗa kai.

"Kai, Sale! Allah ya yi maka albarka. Abin da muke yi tun kakanni, ban taɓa ganinsa kwance a ƙasa haka ba. Sale, ashe karatun nan na gaske ne."

Sannan ya juyo wajena, ba tare da ya dubi fuskata ba.

"Wannan, ka dai ji ko?"

Na ce na ji. Sau biyu ya kira sunan a numfashi ɗaya, na ƙirga. Na tashi na ce zan duba babur, na bi ta kan zanen da takalmina kamar ban gani ba. Da yamma uwarku ta kawo tuwo na ture shi gefe.

"Malam, lafiya? Ko miyar ce?"

"Ba komai."

"Ai na jiyo ku daga soro. Ƙanenka ne fa. In ya yi kai, kai aka yaba."

Na ce mata ta kula da tukunyarta. Allah ya ji ƙanta, ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu, amma na san ta sani.

Sale ya rubuta rahotonsa da hannu, shafi goma sha wani abu, da zanen a tsakiya. Da yake ma'aikacin wucin gadi ba ya shiga taron kwamiti, ta hannuna rahoton zai bi. Na karɓa na sa a jaka. Ran taron, shugaban shirin ya zo daga Kano, ga masu unguwanni, ga dagatai biyu, ga mu. Ina tsammanin har lokacin ban yanke abin da zan yi ba, jakar tana jingine da ƙafata ina jin nauyinta. Sai shugaban ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam Habu, me binciken ƙanenka ya nuna? An ce yaron nan yana da kai ƙwarai. Irinsu muke nema."

Har Kano labarinsa ya kai! Na ga taron nan kaf ya sunkuya a kan zanen Sale kamar yadda Baba ya sunkuya, na ga 'yar Habu ta koma 'yar kusurwar gona.

"Ranka ya daɗe," na ce, "manoma a shirye suke. Jira kawai suke."

Ba a yi minti goma ba aka amince. Za a raba iri a duk ƙauyukan Rogo, kuma taki sai da iri. Da na fito Sale yana jirana a gindin darbejiya. Na ce masa an karɓi shawararsa da 'yan gyare-gyare, kuma ana bukatarsa da gaggawa a Daura, tamu ta nan Ƙaraye, ya ƙidayo rijiyoyi. Babu wanda yake bukatar rijiyoyin. Na tura shi ne ba babur, don kada ya leƙa Rogo sai an gama shuka. Ni ma ban je rabon a ƙauyen Gwaggo ba, mota na aika da buhuna.

Abin da ban hango ba shi ne yadda mutanen za su fassara zuwan motar. Wata biyu Sale yana bin gidajensu yana tambaya a kan gyaɗa, yau ga gyaɗa ta zo. Wa ya kawo ta in ba shi ba? Kafin a sauke buhun ƙarshe ta riga ta ci suna, 'yar Sale. Gwaggo kuwa, mijinta ya rasu ya bar mata gona, ita ce kan gaba wajen kiwo a ƙauyen, ba a taɓa raba turkenta da raguna. Ta ɗauki mayafi ta bi gidajen mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa su sa mazansu su karɓa, ta Salelenta ce, ya zauna a kan tabarmarta ya tambaye ta komai, ba zai kawo abin cutarwa ba. Ita da kanta ta soye irinta na gargajiya ta yi ƙuli-ƙuli da shi. Da labarin sunan ya iso mini, kada ku ɗauka tsoro na ji. Baƙin ciki na ji, cewa ni na yi wahala wani ya ci suna.

Sale ya dawo daga ƙidayar rijiyoyi gyaɗa ta riga ta rufe ƙasa. Ya je Rogo ya gani, ya dawo ya same ni a ofis, ya rufe ƙofa.

"Yaya, an karanta kuwa?"

"An karanta. Kwamiti ya yi abin da ya ga dama. Ni kaɗai ne a ciki?"

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa ruwa ya ɗauke da wuri." Ni ma addu'ar da nake yi ke nan, amma ba don mutanen Rogo ba.

Ruwa bai ɗauke ba. Gyaɗa ta nuna sama tana zuba safe da yamma. Wanda ya bar tasa a ƙasa yana jiran rana, ta tsiro masa a cikin kwasfa, don wannan irin ba ya jira kamar na gargajiya. Wanda ya tuge kuwa bai sami inda zai shanya ba. Harawa ta yi baƙi ƙirin a kan kunya, in ka ɗaga ta sai tururi da wari. Ƙwayar da aka tsira da ita ta yi funfuna, masu yin mai suka ce ƙuli-ƙulinta ɗaci yake. Daga nan abin ya bi layin da karan Sale ya bi, bai tsallake ko da'ira ɗaya ba. Kafin rani ya raba mata sun fara kwance tumaki suna aikawa kasuwar Rogo, ramammu, ana saye kamar ana yi musu alfarma. Da bazara jakai suka zauna ba takin da za su ɗauka. Daminar da ta biyo dawa ta tsaya iya ƙugu, kuma masu son komawa ga tsohuwar gyaɗa suka nemi iri suka rasa.

Tun a tsakiyar ranin Baba ya ce mu je mu jajanta wa Gwaggo. Na goya Sale a babur. Muka tarar da ita zaune a bakin turke, ba komai a ciki sai turaku da igiyoyi. Ta amsa gaisuwata har da tambayar yara. Da Sale ya durƙusa sai ta juya masa ƙeya, ta yi magana tana fuskantar danga.

"Da ba ka sani ba, da na ce ƙaddara. Amma ka zo nan ka zauna, ka ce Gwaggo me rago yake ci, na faɗa maka. Ka ce yaushe harawa take bushewa, na faɗa maka. Ba abin da na ɓoye. Ka kwashe ka tafi, ka aiko mana da wannan. Ni ba ragunan ne suka dame ni ba. Na bi gidajen mutane da ƙafata na ce ta ɗana ce. Yau in na fita rijiya shiru ake yi."

"Gwaggo..."

"Tashi ka ba ni wuri. Habu, kai ka zauna, bari a kawo maka ruwa."

Kalma huɗu ta isa. Gwaggo, ni na kawo. Sale bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, amma na san yana jira. Aka kawo ruwan na sha. Kuma tunda na yi alkawarin faɗar gaskiya, bari in faɗe ta duka: ruwan ya yi mini daɗi. Ran nan ne karo na farko a rayuwata da aka zaunar da ni aka kore shi. Na sake goya shi a babur muka dawo Ƙaraye.

Bayan daminar da dawa ta ƙi, takarda ta zo daga Kano, ana son bayanin abin da ya faru. Na san kujerata tana rawa. Na buɗe durowa na ciro rahoton Sale, na zauna kwana uku ina juya shi. Duk inda ya rubuta za a yi, na mayar da shi an yi. Na sake zana da'irorin da rula da jan biro, na sa sunana a ƙasa. Shugaban ya karanta ya aiko a kira ni. Ya ce bai taɓa ganin malamin gona ya bi matsala tun daga ƙwaya har rumbu haka ba, ya ce irin wannan tunanin ya kamata a riƙa yi kafin a yanke kowace shawara, ba bayan an yi ɓarna ba. Ya tambaye ni yadda aka yi binciken farko bai gano komai ba. Na ce yaro ne, bai goge ba. Aka tura ni kwas, aka ƙara mini girma, aka sa in riƙa koya wa sauran malamai. Sale kuwa ba a sabunta masa aiki ba.

Na zo gida da takardar ƙarin girma a aljihu, na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Na ɗauka ko yau.

"An ce zane ka yi musu a ofis?"

"E, Baba."

"Irin wanda aka yi a nan ƙofar gida?"

Na miƙa masa takardar. Ya ci gaba da jan carbinsa.

"To. Allah ya sa albarka." Ya tashi ya shiga ciki, bai karɓi takardar ya duba ba.

Sale ya sami koyarwa can ƙasar Bauci. Na raka shi tasha, ba don ina so ba, don kada a ce. Har ya sa ƙafa a mota sai ya juyo.

"Yaya, na ga rahoton. Ka gyara Turancin, ya fi nawa kyau."

Kafin in amsa ya ci gaba.

"Abu ɗaya ka bari. Irin gargajiya. Akwai shi wajen tsofaffin Yammedi. Yanzu da suke jin maganarka, ka sa a nemo musu kafin ruwa ya sauka."

Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Na tsaya a tashar ina jin haushin cewa ko a ranar da na kore shi, shi ya tuna da mutanen Rogo ba ni ba. Na sa aka nemo irin, aka raba, aka yi ta shi mini albarka. Kuma ban ɓoye muku ba, aikin da na yi bayan nan ya amfani jama'a. Sau da yawa na hana a yanke shawarar gaggawa a kan rijiya ko madatsa ko sabon iri, na sa an zauna an tambayi wa yake ci, daga nan sai ina. Duk lokacin da aka tafa mini, muryarsa nake ji a bakina.

Shekara huɗu bayan haka Gwaggo ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. A duk shekarun nan ba ta amsa gaisuwar Sale ba, in ya aiko da saƙo mayarwa take. Aka buga masa waya ta gidan waya, ya taho. Muka haɗu a ɗakinta da hantsi, ni a gefen gadon, shi a durƙushe bakin ƙofa don ba a ce ya shigo ba. Ta rame har ba a gane ta, amma hankalinta garau. Ta kama hannuna.

"Habu, kai ka dawo mana da irinmu. Allah ya saka maka. Na yafe wa kowa a duniyar nan, kowa ma ya yafe mini." Ta numfasa. "Amma wancan na ƙofa, na rasa yadda zan yi da zuciyata. Ko sau ɗaya bai ce ya yi laifi ba. Shiru kawai yake mini."

Matar nan za ta tafi gaban Allah da ƙullin ɗan da ta raina, a kan abin da ni na yi. Wannan karon na buɗe baki, Allah shi ne shaidata, na ce, "Gwaggo, ai..." Ban san ko da zan ƙarasa ba. Ban samu na sani ba, don Sale ya riga ni. Ya rarrafo ya dafa bakin gadon.

"Gwaggo, na yi laifi. Ki yafe mini."

Ta saki hannuna. Ta lalubi kansa ta cire masa hula, ta shiga shafa shi kamar yaron goye, hawaye yana bin kunnenta.

"Salele. Abin da nake jira ke nan. Me ya hana ka tun tuni? Na yafe, duniya da lahira. Salele, matso in gan ka."

Na tashi na fita, ba wanda ya lura. Na tsaya a bakin turken da ta sake tara 'yan tumaki uku a ciki. Kuna tsammanin kunya ce ta fitar da ni, ko nadama. Sun zo daga baya, kuma ba su tafi ba har yau. Amma a wannan lokacin, ina jiyo muryarta ta taga tana kiran sunansa, abin da na ji shi ne ƙyashi. Laifin nawa ne, ni na shuka shi da hannuna, amma yafiyar shi aka yi wa. Ta rasu bayan la'asar, kanta a kan cinyarsa.

Baffanku yana nan da ransa, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yansa. Ni kuma ban taɓa neman gafararsa ba, don na san zai yi mini ita nan take ba tare da ya ja rai ba, kuma wannan ne na kasa ɗauka. Ku kwafi babin nan ku kai wa 'ya'yansa tun ina raye. In sun zo da magana, a shigo da su wurina, kada kowa ya tare su a zaure.